Malamin jami'a: abin da ke faranta masa rai da abin da muka hana shi

A makon jiya muna zaune a majalisarmu ta ƙofar gida bayan sallar isha'i, rediyo na kawo labarin wata sabuwar taƙaddama tsakanin gwamnati da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, sai wani maƙwabcinmu ya yi tsaki ya ce waɗannan mutane ko baitulmalin ƙasa aka juye musu ba za su taɓa yin farin ciki ba. Kowa ya gyaɗa kai, aka wuce zuwa wata hirar. Ni kam maganar ta tsaya mini a rai har na kwanta, domin kwana huɗu kafin nan na je gaishe da wani tsohon malamina wanda ya duba kundin digirina na farko, na same shi a ofis da tulin takardun jarrabawa a gabansa har sun kusa tare masa fuska, babu wuta, fanka a tsaye, ya buɗe taga yana neman haske da iska. Motarsa da na sani shekaru da dama tana ajiye a gida, a Adaidaita Sahu ya zo aiki.

Ra'ayina a kan wannan batu shi ne, malamin jami'a mutum ne mai sauƙin gamsarwa fiye da yadda jama'a suke zato, kuma abin da ya fi kashe masa zuciya a Nijeriya shi ne rashin cika masa alƙawari da hana shi damar yin aikin da ya ba da rayuwarsa dominsa yadda ya kamata. Albashi yana da muhimmanci ƙwarai, kuma zan yi maganarsa ba tare da kunya ba, amma wanda ya ɗauka cewa kuɗi ne farkon matsalar kuma shi ne ƙarshenta bai zauna da malaman ya saurare su ba.

"Ai ladan malami yana lahira"

Wannan ita ce maganar da aka fi jefa wa malamai, kuma sau da yawa masu faɗinta da kyakkyawar niyya suke yi. Gaskiya ne koyar da ilimi mai amfani sadaka ce mai gudana, kuma na san malamai da yawa waɗanda wannan imanin ne yake riƙe da su a bakin aiki. Sai dai addinin da ya yi alƙawarin wannan lada shi ne kuma ya yi umarni da a biya ma'aikaci haƙƙinsa kafin guminsa ya bushe. Ba mu taɓa jin an ce wa ɗan kwangila ko ɗan majalisa ya jira lahira kafin ya ga kuɗin aikinsa ba.

A shekarar 2009, lokacin da gwamnatin tarayya da ASUU suka sa hannu a kan yarjejeniyar da ta tsara albashin malamai, dala ɗaya tana wajen naira 150, litar fetur kuma naira 65. Farfesan da ya kai ƙololuwar matakinsa yana ɗaukar abin da bai kai naira 500,000 ba a wata, wanda a wancan lokaci ya haura dala 2,500. Aka shafe fiye da shekara goma wannan adadi bai motsa ba. Bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 da kuma sakin naira ta nemi darajarta a kasuwa, dala ta haura naira 1,500 a 2024, litar fetur ta wuce naira 1,000, kuma duk da ƙarin kashi 25 zuwa 35 cikin ɗari da aka yi wa ma'aikatan manyan makarantu, abin da shehun malami yake ɗauka a wata a shekarar 2024 bai kai dala 500 ba. Idan wannan ne halin wanda ya yi shekara talatin yana koyarwa, sai a auna halin ƙaramin malamin da bai daɗe da kammala digiri na biyu ba, ga iyali, ga kuɗin haya, ga kuɗin rajistar digiri na uku da dole sai ya yi shi kafin ya ci gaba.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mutumin da ya fito daga gida bai bar kuɗin cefane ba, yana lissafin bashin da ya ci a ƙungiyar taimakon kai da kai ta ma'aikata, zai tsaya a gaban allo ya yi bayani, amma rabin hankalinsa yana gida.

"To ai kowa ma a cikin wahalar yake"

Wannan ƙorafi yana da ƙarfi, kuma ba zan raina shi ba. Malamin firamare a ƙaramar hukuma ya fi malamin jami'a shan wuya nesa ba kusa ba, haka ma'aikaciyar jinya a asibitin karkara, haka ɗan fansho. Duk wanda ya ce malamin jami'a ne ya fi kowa talauci a ƙasar nan bai faɗi gaskiya ba.

Amma akwai wani nau'in ciwo da ya keɓanta da su, wato ciwon alƙawarin da aka rubuta, aka sa hannu a gaban jama'a, sannan aka juya masa baya. Yarjejeniyar 2009 ta tanadi a riƙa sake duba ta bayan kowace shekara uku. Maimakon haka, sai aka yi ta kafa kwamiti bayan kwamiti: na Wale Babalakin a 2017, na Farfesa Munzali Jibril wanda ya miƙa daftari a 2021, na Farfesa Nimi Briggs a 2022, sannan na Alhaji Yayale Ahmed a 2024. A tsawon waɗannan shekaru, duk lokacin da wani kwamiti ya kammala zama, malamai su ɗauka an zo ƙarshe, sai a wayi gari an naɗa wani a koma farko. Haka kuma a 2013, bayan yajin aikin da ya ɗauki kusan rabin shekara, gwamnati ta amince za ta zuba naira tiriliyan 1.3 cikin shekara shida domin farfaɗo da jami'o'i, ta ba da biliyan 200 na farko, daga nan sauran ya koma ɗan tsakure da ake fitarwa sai an yi barazanar rufe makarantu. A wannan gwagwarmaya ce tsohon shugaban ƙungiyar, Farfesa Festus Iyayi, ya rasu a hatsarin mota kusa da Lokoja a watan Nuwamba na shekarar, yana kan hanyarsa ta zuwa taro a Kano.

Bahaushe ya ce alƙawari kaya ne. Talaucin da mutum ya san iyakarsa yana iya tsara rayuwarsa a kansa, ya rage nan ya ƙara can. Abin da ba ya tsaruwa shi ne zaman jiran haƙƙin da aka ce yana nan tafe, ka ci bashi a kansa, ka yi wa 'ya'yanka alƙawari a kansa, shekara ta zagayo babu labari.

Sai kuma abin da ya faru a 2022, wanda a ganina ya yi wa zukatan malamai raunin da har yau bai warke ba. An shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu, aka janye ranar 14 ga Oktoba bayan umarnin kotu, gwamnati kuma ta riƙe albashin duk waɗannan watanni da hujjar ba aiki ba biya. Da aka dawo, albashin watan Oktoba ma rabi aka ba su, kamar masu aikin yini. Abin da jama'a da yawa ba su lura da shi ba shi ne, malaman sun koyar da zangunan karatun da aka rasa ɗin nan ɗaya bayan ɗaya ba hutu, sun shirya jarrabawa, sun yi maki, sun yaye ɗaliban. Aikin dai an yi shi daga baya, amma sai bayan fiye da shekara guda aka saki albashin wata huɗu, lokacin da darajar kuɗin ta riga ta zube. Na san gidajen da aka sayar da fili da mota a wancan lokaci, na san wanda ya sayar da littattafan da ya tara tun yana ɗalibi.

Tsarin biyan albashi na IPPIS da aka tilasta musu shiga a 2020 shi ma ya ƙara wa wannan rashin tabbas ƙarfi. Malami zai ga an yanke masa kuɗi bai san dalili ba, kuma babu wanda zai tambaya a jami'arsa, sai dai a ce masa matsalar daga Abuja take. Sai a watan Disamba 2023 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a cire manyan makarantu daga tsarin, bayan an ɓata shekaru ana jayayya a kan abin da malaman suka faɗa tun ranar farko.

Aikin da ba ya yiwuwa yadda ya kamata

Nan ne nake ganin maƙwabcina da ire-irensa suka fi yin kuskure. Yawancin waɗanda suka zaɓi zama a jami'a su ne suka fi kowa ƙoƙari a ajinsu, kuma da sun so da sun tafi banki ko kamfanin mai ko hukumar kwastan. Sun zauna ne saboda akwai wani daɗi da suke ji idan suka warware wata mas'ala mai wuya, ko suka ga idon ɗalibi ya buɗe ya gane abin da jiya ya gagare shi. Wannan daɗin shi ne jarinsu, kuma shi ne yanayin aikin yake cinyewa kullum.

Ƙa'idar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ita ce malami ɗaya ga ɗalibai 30 a fannonin adabi da zamantakewa, ɗaya ga 20 a fannin kimiyya. Duk wanda ya leƙa babban ɗakin lacca a wata jami'ar gwamnati lokacin darasin 'yan aji ɗaya ya san nisan da ke tsakanin wannan ƙa'ida da abin da ke ƙasa: ɗaruruwan yara, wasu a kan taga, wasu a tsaye a baya ba sa ko jin muryar mai magana. Malamin da ke gabansu ba zai san sunan kowa ba, ba zai iya ba da aikin gida ya duba shi da kyau ba, kuma idan jarrabawa ta zo za a ba shi 'yan makonni ya gama makin takardun duka, ya shigar da sakamako, sannan ya koma kan kundayen 'yan ajin ƙarshe da na masu digiri na biyu da na uku da ke jiransa. Kwamitin da Farfesa Mahmood Yakubu ya jagoranta a 2012 domin tantance bukatun jami'o'in gwamnati ya gano cewa malamai 37,504 ne kacal a cikinsu, kuma waɗanda suke da digiri na uku ba su kai rabi ba. Tun daga lokacin an yi ta buɗe sababbin jami'o'i har yawansu a ƙasar ya haura 250, alhali malaman da za su riƙe su ba su ƙaru daidai da haka ba.

Malamin kimiyyar sinadarai da yake zana gwaji a kan allo saboda babu kayan yin sa a ɗakin gwaje-gwaje ya san abin da yake bai wa ɗalibansa bai cika ba, kuma ya san sun sani. Mutumin kirki ba ya jin daɗin karɓar albashi a kan aikin da zuciyarsa take gaya masa an yi shi rabi da rabi. Malamina ya faɗa mini wannan da bakinsa a ranar da na je wurinsa. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, wannan tulin duk kai kaɗai?" Ya ce da ni yawan takardun ba ya damunsa kamar yadda abin da yake karantawa a cikinsu yake damunsa, domin yana ganin yara masu basira waɗanda da ya samu zama da su ko na minti goma kowannensu da sun zama wani abu dabam.

Ga kuma batun bincike. Ba a yi wa malami ƙarin girma sai ya wallafa maƙalu a mujallun ilimi, kuma jami'o'i da yawa yanzu suna neman a ga sunansa a mujallun ƙasashen waje, waɗanda da dama daga cikinsu da dala ake biyan kuɗin bugawa. Daga albashinsa zai sayi kayan binciken, ya sayi data, ya zuba mai a janareta, ya biya kuɗin bugun. Asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund, wanda asalinsa ya samo tushe daga yarjejeniyar da ASUU ta ƙulla da gwamnati a 1992 lokacin da Farfesa Attahiru Jega yake shugabancin ƙungiyar, ya taimaka matuƙa wajen gine-gine da tura malamai ƙaro karatu, kuma kusan duk sabon ginin da ka gani a jami'ar gwamnati za ka ga sunansa a jiki. Sai dai gini ba ya koyarwa, kuma tallafin binciken da ke isa hannun ƙaramin malami kaɗan ne idan aka kwatanta da yawan masu nema.

Tsaro ma ya shigo cikin lissafin. Gidajen malamai da ke cikin jami'a a da su ne wurin da ya fi ko'ina kwanciyar hankali a gari. A watan Janairu 2017 bom ya tashi a masallacin Jami'ar Maiduguri ya kashe Farfesa Aliyu Mani, a watan Yuli na shekarar aka sace malaman sashen nazarin duwatsu da ma'adanai na jami'ar a wajen aikin neman mai, a watan Nuwamba 2021 kuma 'yan bindiga suka shiga gidajen ma'aikatan Jami'ar Abuja suka kwashi malamai da 'ya'yansu.

"Su ma ai ba tsarkaka ba ne"

Wannan gaskiya ce, kuma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai malaman da ke tilasta wa ɗalibai sayen takardun darasi, akwai masu karɓar kuɗi su ba da maki, akwai masu neman lalata da ɗalibai mata, akwai kuma waɗanda suka rarraba kansu a jami'o'i uku ko huɗu da sunan koyarwar ziyara har ba sa cika haƙƙin ko ɗaya. Ba na neman wa ɗayansu uzuri da talauci, domin dubban abokan aikinsu suna cikin talaucin iri ɗaya ba su yi haka ba.

Abin da nake so a lura da shi shi ne, waɗannan miyagun halaye suna daga cikin abubuwan da ke ɓata wa malamin kirki rai. Shi ne yake shan kunya a unguwa idan labari ya fita, shi ne kuma yake kallon wanda ya san ba ya shiga aji yana canza mota, har a ba shi muƙami.

Daga nan ne zan juya ga malaman su kansu, domin ba duk baƙin cikinsu ne ya taso daga Abuja ba. Wani kaso mai yawa a cikin harabar jami'a ake dafa shi. Ƙaramin malami zai yi shekara bakwai ko takwas yana digiri na uku a sashen da yake koyarwa, saboda babban malamin da ke duba shi ya ajiye babi ɗaya wata shida bai buɗe ba, kuma ba shi da bakin yin magana. Shi za a ɗora wa ajin da ya fi yawan ɗalibai, shi ne jami'in jarrabawa, shi ne mai rajista, shi ne sakataren kowane kwamiti, sannan lokacin ƙarin girma a ce masa maƙalunsa ba su kai ba. Takardun wani za su tafi wajen masu tantancewa na waje su dawo cikin wata uku, na wani su yi shekara uku, kuma kowa a sashen ya san bambancin yana ga wanda yake ɗasawa da shugabanni, ko ɗan wane gari ne, ko wane ɓangare ya mara wa baya lokacin neman kujerar shugaban jami'a. Malama mace kuwa tana ɗauke da duk wannan, ga renon yara da hidimar gida, a wurin aikin da galibi babu ko ɗakin ajiye jarirai, kuma a sa taron sashe a lokacin da ya kamata ta je ɗauko yara daga makaranta.

Gyaran waɗannan ba ya bukatar kasafin kuɗin tarayya. Majalisar malaman kowace jami'a tana iya yanke wa'adin da mai duba kundi zai mayar da babi, ta bayyana yadda ake raba darussa kowa ya gani, ta sanar da mai neman ƙarin girma inda takardunsa suka kwana. Ina ganin ƙungiyar da ta iya tsayawa wata takwas a gaban gwamnati tana da ƙarfin da za ta tsaya wa ƙananan 'ya'yanta a gaban manyansu, kuma har yanzu ba ta ba wannan ɓangare ƙoƙarin da ya cancanta ba.

Me ya shafe mu?

Wani zai ce farin cikin malami matsalarsa ce da iyalinsa. Ni uba ne, ina da 'ya a jami'a, kuma na ɗanɗani zafin ganin yaro zaune a gida wata da watanni saboda yajin aiki, don haka ba na cikin masu ganin kowane yajin aiki daidai ne. Amma likitan da zai duba ni gobe, da injiniyan da zai gina gadar da zan bi, da alƙalin da zai saurari ƙarata, duk daga hannun wannan mutum suke fitowa. Idan ya gaji ya daina damuwa, babu wanda zai gani a ranar, sai bayan shekaru a gadon asibiti ko a zauren kotu.

Waɗanda suka samu hanya kuma tafiya suke yi. A da ana jin labarin masu tafiya Ingila da Amurka, yanzu har da Saudiyya, Malesiya, Afirka ta Kudu, Ruwanda da Uganda, wasu kuma ba su bar ƙasar ba amma sun koma hukumomin gwamnati da ƙungiyoyin agaji. Wanda ya tafi yakan tafi da shekaru ashirin na ƙwarewa, kuma ba a maye gurbinsa da sanarwar ɗaukar aiki guda ɗaya.

Kafin in yi sallama da malamina a ranar, na tambaye shi ko akwai abin da har yanzu yake sa shi jin daɗin aikin. Fuskarsa ta saki, ya ba ni labarin yadda ya je asibiti da maiɗakinsa, wata ma'aikaciya ta taso daga kujerarta ta durƙusa ta gaishe shi, ta tuna masa darasin da ya koyar da su shekara goma sha biyar da suka wuce. Ya ce ya yi sati yana jin daɗin wannan gaisuwa. Sannan ya jawo aljihun teburinsa ya nuna mini takardar da ya rubuta wa shugaban sashe yana roƙon a riƙe ɗalibin da ya fi kowa ƙoƙari a bara a matsayin mataimakin malami, domin shi saura shekara huɗu ya cika saba'in ya yi ritaya, kuma babu wani a sashen da ya ƙware a fanninsa. Ya ce ya kira yaron ya gaya masa, yaron ya yi godiya cikin ladabi, ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, ni ne babba a gidanmu." Takardar tana nan a aljihun tebur, bai miƙa ta ba.